Gumbar Malam a Kan Gadar Dijla

Tun ranar da na dawo Kuala Lumpur wayata ba ta huta ba. Ina killace a ɗaki da awarwaron robar nan da ma'aikatan lafiya suke ɗaura wa mai dawowa daga waje, amma saƙo sai shigowa yake yi. "Binta, yaya hanya?" "Da gaske ke kaɗai kika je?" "Wai gada ce kawai ta kai ki har Turkiyya?" Wasu ma da ban ji muryarsu ba tun rasuwar Malam, yanzu sun tuna lambata. To, na gaji da amsawa ɗaya bayan ɗaya. Ga labarin nan gaba ɗayansa. Wadda ta ga kanta a ciki kada ta ce na kama suna, domin a cikinku sunan mutum ɗaya kawai zan kama, ita ma sai da na kira ta na gaya mata.

Malam mijina ɗan Wudil ne. A gindin gada ya tashi, ya girma ya zama injiniyan gada, karatun digiri na uku ya kawo shi nan. Na biyo shi, daga baya ni ma na shiga nawa karatun. A ɗakinmu na Pantai Dalam, saman teburinsa, ya manna hoton wata tsohuwar gada ta baƙin dutse da ke kan kogin Dijla, a gefen wani gari da ake kira Diyarbakir. Yakan tsaya yana kallonta ya ce, "Binta, kusan shekara dubu tana tsaye, ba rodi, ba siminti. In na gama sai na kai ki kin gan ta." Ni kuwa in ce, "Maza na kai matansu Dubai, kai dutse za ka kai ni kallo."

Bai gama ba. Annoba ta kama mu tare, ni ta bar ni a ɗaki ina tari, shi ta kai shi asibiti. Ban wanke shi ba, ban ga fuskarsa ba. A waya aka haska mini mutane cikin fararen kayan roba suna saka shi a kabari, hoton yana yankewa yana dawowa.

A gidanmu a Kano, in an yi mutuwa gumba ake dakawa a raba, ranar uku da ranar bakwai da ranar arba'in. Na san akwai masu cewa bidi'a ce, kuma ban zo gardama da malamai ba. Abin da na ga uwata ta yi wa ubana ke nan, kuma shi kaɗai ya rage da zan iya yi wa Malam da hannuna. Uku da bakwai suka wuce ina kwance. Da arba'in ta zo na warke sarai, an yi mini gwaji har sau biyu an ce ba ni da komai. Na sa aka kawo mini gero daga wani kantin Indiyawa, na jiƙa, na daka a ɗan turmin dutsen nan na Malayawa har maƙwabcina na ƙasa ya buga silin da sandar tsintsiya. Na zuba citta da yawa, don haka Malam yake son komai nasa, ko fura ce sai ta yi yaji. Na cura, na zuba a robobi, na ƙulle kowace a leda. Na sa takunkumi da safar hannu, na bi benenmu hawa-hawa, duk inda Bahaushe yake na ƙwanƙwasa.

Ba wadda ta buɗe. A ƙofar Hajiya Turai, matar Farfesa, wadda ita ce uwarmu a nan, na ji takunta har bakin ƙofa. Ta ce, da "lah" ɗin nan da ta ara a bakin Malayawa, "Binta ce? Rataya nan lah, ƙanwata, mun gode. Allah ya jiƙan Malam." Na rataya.

Washegari na fita zubar da shara. A ɗakin bola na ƙasa na tarar da robobina an jera su a gefe, ɗaya kan ɗaya, ba wadda aka kwance. Ni na ƙulla ledojin nan, na san ƙullin hannuna.

Ban ce ba ku ciyar da ni ba. Wallahi kun yi. Kullum sai na tarar da abinci a ƙofa, yau tuwon gida, gobe tapau, wato ƙunshin abincin saye, daga wajen mamak, Indiyawan nan masu gidan abinci, har na rasa inda zan zuba. Amma abin da ya fito daga ɗakina ba wadda ta yarda ta taɓa. Ranar nan na gane bayarwa ba ta da wuya, karɓa ce ke da wuya. Na yi kuka a ɗakin bolar nan fiye da wanda na yi ranar jana'iza, domin na ji kamar Malam ɗin aka ajiye a wurin. Sauran takabata na yi ta ne a kan darduma, ina fuskantar teburinsa, ni da hoton gada muna kallon juna.

Da na fita takaba na yi wanka, na ƙunsa lalle da kaina. A gida da yanzu ina yawon dangi ina godiya. Nan kuwa gidan wa zan je? Sai na nemi izinin fita da na dawowa a makaranta da ofishin shige da fice. Na yi ta zarya har Allah ya sa aka ba ni.

Yaya Sabo, wan Malam, ya kira daga Wudil. "Binta, wane labari nake ji? In kin samu izinin fita ai gida za ki yo. Me ya rage miki a can? Ba miji, ba ɗa."

Na ce, "Yaya, akwai karatuna, akwai kabarinsa."

"To ita Turkiyyar fa? Mace ke kaɗai, cikin wannan ciwo?"

"Sadaka zan kai masa."

"Sadaka? Mabarata sun ƙare a Wudil ne? Turo a yi a nan."

Na ce, "Da hannuna nake so in bayar, Yaya, kuma a gabana nake so a ci." Ya yi tsaki ya ce in yi abin da na ga dama. Na ce na gode, don dama shi zan yi.

Hajiya Turai ma ta kira. "Binta, wannan ba proper ba ne. Yau-yau kin fita takaba sai yawon buɗe ido? Me mutane za su ce?"

Na ce, "Hajiya, su mutanen su faɗa ta bayan ƙofa, ai sun saba."

Gumba ɗanya ba ta jure doguwar tafiya, tsami take yi. Sai na daka geron na shanya garin ya bushe, na haɗa da citta da kanumfari, na ƙulle a leda na cusa tsakanin kayana. Aka zura mini tsinke a hanci har sai da na tuna kakata, takarda ta fito lafiya, na kama hanyar filin jirgi. Filin nan da kuka sani kamar kasuwar Kwari ranar jajiberin Sallah, na tarar da shi shiru, kantuna a rufe, kana jin ƙarar tayar akwatinka. A cikin jirgi layi guda ni kaɗai. Na miƙe ƙafa na yi barci irin wanda rabona da shi tun Malam yana da rai.

A Istanbul aka buga mini hatimi ba matsala. Ina murna na wuce, sai wani ɗan kwastan ya nuna akwatina ya ce in buɗe. Hannunsa bai tsaya ko'ina ba sai kan ledar nan. Ya ɗaga ta sama. Baƙar mace, fasfo na Najeriya, ga farin gari a ƙulle, kun san abin da ya zo masa a rai, ni ma na sani. Aka kai ni wani ɗaki, aka kawo kare. Karen ya zura hanci a ledar, citta ta bugi ƙwaƙwalwarsa, ya ja da baya yana atishawa ba ƙaƙƙautawa. Mai karen ya so ya yi dariya ya danne.

Ɗan kwastan ɗin ya tambaye ni da Turanci ko mene ne. Na ce abinci ne. Ya ce abincin wa? Na ce na mamaci. Ya dube ni kamar wadda ta taɓu. Sai na sauke takunkumi, na ɗibi garin na watsa a baki na haɗiye a gabansa, na ce mijina ne ya rasu, sadaka zan yi masa. Da ya ji kalmar sadaka sai fuskarsa ta sauya, ashe su ma haka suke kiranta. Duk da haka sai da suka ɗibi kaɗan suka gwada, aikinsu ne, ban ga laifinsu ba. Da suka gama shi da kansa ya ƙulle ledar ya mayar, ya dafa ƙirji ya faɗi wata magana da na gane ta'aziyya ce. Kafin nan jirgin da zai kai ni Diyarbakir ya tashi ya bar ni.

Aka ce sai in jira na gobe, ko in hau mota. Na ce ni da na sha hanyar Kano zuwa Legas a bayan buhunan albasa, wace mota ce za ta ba ni tsoro? Tashar motarsu ba 'yan kamasho, ba mai fizge maka jaka yana rantsuwa saura mutum ɗaya. Mai sayar da tikiti ya dube ni ya ba ni kujera kusa da mace, ashe haka suke yi, ba a haɗa mace da namijin da ba nata ba. Na ce a raina, ina ma Yaya Sabo yana nan ya gani.

Muna tashi yaron mota ya biyo layi da kwalba, kowa ya tara hannu ya tsiyaya masa. Da ya zo kaina na tara, na ɗauka ruwan wanke hannun nan ne na zamani. Sai na ji ƙamshin lemon tsami ya tashi. Turare ne. Haka suke tarar baƙo da shi tun kafin annoba, da ta zo kuma sai ya zame musu abin kashe cuta. Ni kuwa wata huɗu da kwana goma ban shafa turare ba, bayan na fita ma hannuna ya kasa ɗaukar kwalba, don duk turarukan ɗakin Malam ne ya saya. Ga shi yaron mota ya karya mini ba tare da ya sani ba. Na kai hannu hanci ta saman takunkumi, hawaye ya zubo. Matar da ke kusa da ni, wata mai jiki da ɗankwali mai fure, ba ta tambaye ni komai ba. Ta kama hannuna ta juya shi tana kallon lallen, ta nuna mini nata da ya soma gogewa, muka yi dariya. Iyakar hirarmu ke nan har ta sauka.

Tafiya ce ta kwana da yini. Duk inda aka tsaya akwai masallaci da wurin mata, ga ruwan zafi na alwala. Abin da ban shirya masa ba shi ne sanyi. Shekarun da na yi ina gumi a Malesiya sun sa na manta akwai shi a duniya. Da 'yar suwaita na je da takalmi mai buɗaɗɗen baya, duk tsayawa sai in sauko haƙorana suna kaɗawa.

Masaukin da na kama wani tsohon gida ne na baƙin dutse a cikin ganuwar garin, da tsakar gida da ɗakuna kewaye, kamar gidajen cikin birni a Kano. Mai gidan wata dattijuwa ce, Zahra, tana jin Larabci da ɗan Turanci. Tana ganina ta dubi ƙafata ta yi salati. Kafin in ajiye jaka ta kawo mini kwat ɗin 'yarta da safa mai kauri da wasu takalma da suka fi ƙafata girma. A cikinsu na yi yawon garin ina jan ƙafa kamar agwagwa.

Da safe ta ce in zo ta kai ni in ci abin da garinsu yake taƙama da shi. Na zaci shayi da burodi ne. Sai ga mu gaban mai gashi, hayaƙi na tashi, an jera tsinkunan hanta. Hanta, da sassafe, ko rana ba ta yi ba! A Kano mai tsire sai la'asar yake hura wuta, wanda ya nemi tsire da safe kuma sai a ce ko mayunwacin aljani ne ya shige shi. Amma na ci, na naɗe ta a gurasa da albasa, kuma ba zan yi muku ƙarya ba, na ƙara. Shayinsu ne dai ban yafe ba. A wani ɗan kofin gilashi suke kawo shi, ba madara, kurɓa biyu ya ƙare. Mai shayin Ƙofar Na'isa ya ba ka wannan ai sai an raba ku.

Ranar Alhamis na roƙi Zahra kwano da tire. Na kwaɓa rabin garin da zuma da ɗan ruwa, na cura ƙanana-ƙanana na jera. Na gaya mata ko na mene ne, na miƙa mata ɗaya. Ta ce azumi take, in ajiye mata. Zuciyata ta ɗan sosu, don wanda maciji ya sara ko tsumma ya gani sai ya tsorata. Ta tsayar mini da tasi ta gaya masa inda zai kai ni.

Gadar tana wajen gari kaɗan. Da motar ta sha kwana na hango ta sai na ce wa direba ya tsaya, da Hausa, kuma ya tsaya. Ita ce dai ta kan teburin Malam, baƙa, doguwa, da bakuna goma a ƙarƙashinta inda ruwa ke bi, su mutanen garin mai ido goma suke kiranta. Dijlar da muke ji a littattafan Islamiyya kuwa, a ranar nan ba ta fi kogin Wudil ba. Mota ba ta hawa gadar yanzu, sai 'yan ƙafa. Duwatsun da ake takawa sun yi sulɓi don tsabar sawu. Na dafa bangonta, sanyin dutsen ya ratsa tafin hannuna, na ce, "Malam, ga ni na zo. Ba rodi, ba siminti, na gani." Wanda ya sa aka gina ta ya daɗe da zama ƙasa, ba wanda ya san ciwon da ya kashe shi, kuma har yau ana karɓar sadakarsa ana wucewa a kanta.

Na je tsakiya na tsaya da tirena. Mutane ba su da yawa, amma akwai masu ɗaukar hoto, akwai masu shan iska, har da wata amarya da angonta da mai hotonsu. Duk wanda ya zo wucewa in miƙa tire in ce, "Sadaka." Wasu su kau da kai. Wata ta ja ɗanta gefe. Wasu 'yan mata suka tsaya suka ɗauke ni hoto suka wuce. Can wani mutum mai kwat da hula ya tsaya, na ce Alhamdulillahi. Sai ya laluba aljihu ya ajiye mini kwabo a kan tire, tsakanin gumbar Malam, ya yi gaba.

Ashe bara suka ɗauka nake yi. Baƙuwa, cikin kwat ɗin aro da takalman da suka fi ta, tana miƙa faranti tana kiran sadaka, me za su zata? Raina ya ɓaci matuƙa. Na bi shi ina jan takalma, na sha gabansa, na danƙa masa kwabonsa a hannu. Na ce, "Ni ba karɓa na zo yi ba, bayarwa na zo yi!" Da Hausa na faɗa, da ƙarfi kuma. Bawan Allah ya tsorata ya ƙara sauri.

Na koma na zauna a gindin bangon gadar, tire a cinya. Na ce shi ke nan, na haye teku na zo an sake jera mini robobina a bola. Yaya Sabo ya yi gaskiya, Hajiya Turai ta yi gaskiya. Har na fara tunanin in juye wa kifayen Dijla, su dai ba za su ƙi ba.

Ina cikin haka na lura da wata tsohuwa da ke tahowa daga ɗaya bakin gadar, da farin mayafi da kwando a hannu. Duk wanda ta tara sai ta ciro wani abu ta ba shi, shi kuma ya karɓa da hannu biyu, ya faɗi wata magana, ya ci yana tafiya. Har ta iso kaina. Takunkuminta yana ƙarƙashin haɓa, hannunta ba safa. Ta miƙo mini 'yar gurasa an naɗe wani abu mai ruwan ƙasa a ciki, yana ƙamshin man shanu. Daga baya Zahra ta gaya mini garin alkama ne ake soyawa da mai da sukari, halwa suke ce masa, kuma shi suke rabawa in an yi musu mutuwa. Wato gumbarsu ke nan.

Na yi mata alama da hannu, ta wane ne? Ta ciro hoto daga ƙirjinta, wani magidanci mai gashin baki, bai wuce sa'an Malam ba. Ta nuna cikinta, wato ɗanta ne. Sannan ta dafa ƙirji ta yi numfashi sama-sama, irin numfashin nan da na sani, wanda na ji a ɗakina kafin motar asibiti ta zo.

Zan gaya muku gaskiya, hannuna ya tsaya. Na dubi yatsunta, na dubi takunkumin da ke haɓarta, na tuna akwai gwajin da ke jirana kafin in hau jirgi, na tuna ba ni da kowa a ƙasar nan in na kwanta. Tsoron nan da kuka ji a bayan ƙofofinku, ni ma na ji shi, har cikin ƙashina. Saboda haka kada wadda ta ce ban san abin da ya hana ta ba. Na sani. Amma tsohuwar nan tana tsaye da hannu a miƙe, kuma na san abin da ake ji in hannu ya daɗe a miƙe. Na sauke takunkumi, na karɓa, na yi bismilla na ci. Na ce, "Allah ya jiƙansa da rahama." Ta ce amin.

Sai na buɗe wayata na nuna mata Malam. Na dafa ƙirji na yi numfashin da ta yi. Na ɗauki curi ɗaya na gumba da jan hannuna na miƙa mata. Ko daƙiƙa ba ta yi ba. Ta karɓa daga yatsuna ta jefa a baki. Ta tauna, ta tauna, sai citta ta kama ta. Idonta ya kawo ruwa, ta buɗe baki tana fifita harshe da hannu, amma ba ta tofar ba. Ta haɗiye, ta ɗaga hannu sama ta karanta Fatiha. Ta tambayi sunansa. Ni da ban taɓa kiran sunan Malam a gaban mutane ba, ranar na faɗa, ta saka shi a addu'a da irin lafazinsu. Na rungume ta na yi kuka har mayafinta ya jiƙe, ita ma tana yi, ba wadda ta rarrashi wata.

Da muka gama ta share ido, ta miƙa mini kwandonta ta karɓe tirena. Ashe tsohuwar masifaffiya ce. Ta tsaya tsakiyar gada tana ƙwala wa mutane kira tana nuna ni, tana faɗa kamar uwar kowa. Ban ji abin da take cewa ba, amma na ga kunya ta kama su. 'Yan matan da suka ɗauke ni hoto suka dawo suka ɗauka. Ango ya ci ya yi tari, amarya ta ɗaga mayafi ta gutsura. Masu shayin bakin kogi suka hawo. Kowa ya ci sai ya ɗaga hannu. Ni kuma ina gefe ina raba halwar ɗanta. Kafin a kira la'asar tire ya koma fayau, sai guda ɗaya da na ɓoye wa Zahra. Da aka sha ruwa da ita ta buɗe baki, ban ko tuna mata ba.

Dawowa ba wani labari. An sake zura mini tsinke a can, an sake zura mini a nan, duka lafiya lau. Ko da ma ba su fito lafiya ba, ba zan yi da-na-sani ba. Yaya Sabo na tura masa hoton tire ba komai a kai, ya amsa da amin, bai ƙara maganar komawa gida ba tukuna. In ya ƙara, amsata tana nan.

Masu tambayar tsaraba kuma, ban sayo ɗankwali ba, ban sayo carbi ba. Rabin garin geron nan na dawo da shi. Ranar Juma'a za a yanke mini awarwaron nan, kuma ranar zan kwaɓa. Ba zan bi bene ba, ba zan rataya a ƙofar kowa ba. Ɗakina kun san shi, ƙofa za ta kasance a buɗe. An ce zumunta a ƙafa take, to mai so ta tako ta karɓa a hannuna.

Haka na gaya wa Hajiya Turai da na kira ta, har da maganar bola, ban rage komai ba. Ta saurara har na kai aya. Can ta ce, "Binta, ki rage citta, kin san cikina."

Na ce, "Hajiya, yadda Malam yake so zan yi."